Tantin mutum shida, iyalin mutum huɗu

A jikin jakar kowane tanti da ake sayarwa a kantunan Amurka da Turai akwai wata lamba da ake bugawa ɓaro-ɓaro: mutum 4, mutum 6, mutum 8. Magidancin da bai taɓa kwana a tanti ba sai ya ƙirga kansa da uwargida da yara biyu, ya ɗauki mai lamba 4, ya biya kuɗi, ya fita yana ganin ya gama. Babu abin da ya kai lambar nan jefa sababbin masu saye cikin da-na-sani, kuma fa kamfanin bai yi ƙarya ba. Mutum huɗun za su shiga, za su kwanta. Yadda za su kwanta ne ba a faɗa ba: kafaɗa da kafaɗa, kowa a kan 'yar shimfiɗa mai faɗin santimita 50 zuwa 60, ba wurin jaka, ba wurin takalmi, ba inda uwa za ta taka in yaro ya farka tsakar dare yana neman fitsari. Lissafi ne irin na ɗan kamasho a tasha. Motar tana cin mutum shida, amma babu wanda ya yi maka alkawarin miƙe ƙafa.

Zangon da ake magana a kansa a nan ba na masu goya kaya su hau dutse ba ne, waɗanda kowane giram ke damunsu. Wannan na iyali ne: a loda kaya a but, a tuƙa zuwa gandun daji ko bakin tafki, a tsaya a filin da aka yanka aka ba shi lamba, a kafa tanti taku goma daga motar. Al'adar ta girma ne tare da motar kanta. Kamfanin Ford ya fito da Model T a 1908, a 1915 aka fara barin motoci su shiga gandun Yellowstone, kuma a shekarun nan ne Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone suka riƙa fita irin wannan yawo duk da cewa su da masu dafa musu abinci da motocin ɗaukar kaya suke tafiya, jaridu na bin su a baya. Talakawa suka gani suka kwaikwaya, har tururuwarsu ta fara kashe saiwoyin itatuwa a dazuzzukan Kalifoniya. Wani masanin cututtukan tsirrai, E. P. Meinecke, shi ya kawo tsari a 1932: hanya guda mai zagayawa, kowane iyali da wurin ajiye motarsa, da teburinsa, da murhunsa, da filin tantinsa. Har yau a kan wannan tsarin ake. A Ingila kuwa wani tela ne, Thomas Hiram Holding, ya kafa ƙungiyar masu ya da zango da kekuna a 1901, wadda daga baya ta zama Camping and Caravanning Club.

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada da Ingila da Jamus galibi ta hannun yara batun ke shigo musu gida. An yi hutun bazara, abokai a makaranta duk sun je daji sun dawo da labari, otal kuma na iyali guda a lokacin hutu ya fi ƙarfin aljihun mai albashi. Sai uba ya samu kansa a gaban tantuna ashirin, duk hotunansu masu kyau, duk rana na haskawa a cikinsu.

Tunda mota ce ke ɗaukar nauyin, sai a ɗauka magana ta ƙare: sayi mafi girma kawai. Ni a ganina nan ne kuskure na biyu yake, kuma ya fi na farko tsada. Amma bari mu gama da na farkon tukuna, da ma'auni a hannu.

Ɗauki tantin kamfanin Coleman da ake kira Sundome mai lamba 6, wanda yana cikin waɗanda aka fi gani a sansanonin Amurka saboda araharsa. Ƙasansa ƙafa 10 ne tsawo, ƙafa 10 faɗi, wato kimanin santimita 305 kowane gefe. Katifar da ake hura wa iska ta mutum biyu, irin wadda iyaye suka fi saye, faɗinta santimita 152, tsawonta 203. Da an shimfiɗa ta, rabin faɗin ya tafi. A sa wa yara biyu shimfiɗu masu faɗin santimita 60 kowace, abin da ya rage a gefe bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Saura mita guda a wajen ƙafafu, nan jakunkuna huɗu za su zauna, nan ce kuma hanyar fita. Ga shi bangon tantin ba a tsaye yake ba, karkacewa yake yi ciki, don haka wanda ya kwanta a gefe fuskarsa na gogar yadi. Tantin mutum shida ke nan, da mutum huɗu a ciki, kuma daidai ya ɗauke su, ba rara. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke cewa ka ƙara biyu a kan yawan iyalinka. In akwai jariri da gadonsa na naɗewa, ko za a yi mako guda maimakon kwana biyu, ƙara uku ko huɗu. Abin da ya fi dacewa ma shi ne a manta da lambar. A auna katifun da za a kwana a kansu, a zana su a takarda ko a shimfiɗa su a falo, a bar hanya tsakaninsu, sannan a nemi tantin da ƙasansa ya kai wannan.

Tsayi kuma da tasa dabarar. In an rubuta ƙafa 6, wato santimita 183, a tsakiya kaɗai ake nufi, inda sandunan suka haɗu. Taku ɗaya gefe, kai ya taɓa rufi. Wanda bai gwada sa wando a duƙe kwana uku a jere ba ba zai gane muhimmancin wannan ba, haka ma uwa mai goyo da ke son ta miƙe ta gyara zani. Ga iyalin Musulmi kuma akwai salla. In gari ya yi kyau a waje za a yi ta, amma asubar da ake tsuga ruwa dole a ciki, kuma mutum yana bukatar wurin da zai tsaya cak, ya yi ruku'u, ya yi sujada ba tare da ya taka kan yaro ba. Darduma ɗaya na cin wajen santimita 70 a faɗi da 120 a tsawo, kuma alƙibla ba ta bin yadda ka jera katifu. Wannan ba ya cikin lissafin kowane kamfani, kai za ka sa shi a naka.

Siffar tanti ita ke yanke yawan filin da za a mora. Mai ƙubba, wanda sanduna biyu ke gittawa a samansa, shi ya fi sauƙin kafawa, iska kuma na zamewa ta kansa, sai dai gefensa asara ne. Mai siffar ɗaki bangonsa a tsaye yake, ana yawo a cikinsa lungu zuwa lungu, tagoginsa manya, shi Amurkawa suka fi so. Turawan Ingila da Holan da ƙasashen arewa sun fi karkata ga dogon nan mai lanƙwasassun sanduna a jere, ɗakunan kwana a ƙurya, falo a gaba, domin su sun san rabin hutunsu a ciki za su yi shi suna kallon ruwa. Sai mai ginshiƙi ɗaya a tsakiya, zagayayye, na yadin auduga, wanda asalinsa na soja ne. Wani hafsan Amurka, Henry Hopkins Sibley, ya yi rajistar irinsa tun 1856. Yana da kyan gani a hoto, yana da sarari, amma ɗaki ɗaya ne tak, ginshiƙin kuma na nan a tsakiya inda kowa ke son wucewa.

To, ga inda girma ke karɓar kuɗinsa. Duk abin da ya ba ka sarari a ciki, ya ba iska wurin kamawa a waje. Bangon da tsayinsa ya kai mita 2, tsawonsa mita 4, fili ne na murabba'in mita 8 a tsaye. Iskar da ke gudun kilomita 50 a awa, wadda ba ta kai a kira ta guguwa ba, tana tura irin wannan bango da ƙarfin da ya kusa nauyin kilo 100. In gudunta ya ninka, turawar ba ninkawa take ba, sau huɗu take ƙaruwa. Wannan nauyin duka a kan 'yan sanduna da igiyoyi da turaku yake sauka. Wanda ya taɓa zagaya sansani da safe bayan daren hadari ya san abin da ake gani: ƙananan tantuna masu ƙubba suna tsaye abinsu, manyan masu siffar ɗaki kuwa wasu sun durƙusa, sanda ta tsage ta huda yadi, iyali na zaune cikin mota da barguna jiƙaƙƙu. Sau da yawa kuma in ka duba za ka tarar igiyoyin ɗaurin suna nan a naɗe yadda suka fito daga kanti, ba a ko kwance su ba, saboda lokacin da aka kafa tantin da yamma ko ganye ba ya motsi.

Don haka sanduna su ne abin dubawa na gaba bayan ƙasa. Masu araha da zaren gilas ake yin su, baƙaƙe masu santsi. Suna aiki, amma in sun gaji ba sa lanƙwashewa, tsagewa suke yi tsawo-tsawo, tsagin kuma na shiga hannu. Na alminiyam sun fi sauƙi, sun fi ƙarfi, in iska ta fi ƙarfinsu lanƙwashewa suke, a zura musu ɗan bututun gyara a ƙarasa hutu. Na ƙarfe ba sa jin komai sai dai nauyi. A 2011 kamfanin Vango na Sukotlan ya fito da tantunan iyali da babu sanda ko ɗaya a jikinsu, sai bututun yadi da ake hura wa iska da famfo, kuma yanzu irinsu sun cika sansanonin Birtaniya. Mutum ɗaya na iya tayar da katafaren tanti cikin 'yan mintuna, in iska ta danne shi kuma sai ya lotsa ya sake miƙewa maimakon ya karye. Kuɗinsu ne da yawa, ƙunshinsu ƙato ne, kuma ranar da aka manta famfo a gida babu tanti. Akwai kuma waɗanda sandunansu ke manne da yadin, a buɗe a ja su ƙulle. Sauri kam akwai shi, amma kowace gaɓa ta roba wurin karyewa ce, kuma in an naɗe su tsawonsu kan wuce mita guda, ba kowane but ke ɗauka ba.

Turakun da ke zuwa cikin jaka galibi siraran wayoyi ne, dutse ɗaya ke lanƙwasa su. A sayi na kirki daban, da guduma. Ba su kai kuɗin man zuwa ba.

Batun ruwa shi ne inda talla ta fi ruɗa mutane, domin nan ma akwai lamba. Za ka ga an rubuta milimita 1,500 ko 3,000 ko 5,000. Ma'anarta ita ce an ɗora ruwa a cikin bututu a kan yadin, ana ƙarawa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Tsayin ruwan a lokacin shi ne lambar. Ana ɗaukar 1,500 a matsayin mafi ƙarancin abin da zai tare ruwan sama na sosai, tantunan iyali na Birtaniya kuma galibi daga 3,000 suke farawa. Lambar tana da amfani, musamman ga ƙasan tanti inda gwiwa ke danna yadi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma ruwa ba kasafai yake ratsa tsakiyar yadi ba. Ta ɗinki yake shiga, ta zif, ta kusurwa, ta tagar da ba ta da abin kariya. Juya tantin ka duba cikinsa: kowane ɗinki ya kamata a ce an bi shi da siririn tef an manne. Ƙasan kuma ya kamata gefensa ya tashi sama kamar taƙi guda kafin ya haɗu da bango, yadda ko ruwa ya kwanta a fili ba zai samu ɗinki a daidai ƙasa ba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne mayafin sama, wato yadi na biyu da ake rufawa a kan tantin. A tantuna masu araha na Amurka ɗan guntu ne, iyakarsa ƙoli da saman tagogi. In ruwa na sauka a miƙe, ya isa. In iska ta kwanto da shi, bangon ciki ne ke karɓa, kuma duk abin da ya jingina da bangon, filo ne ko jakar tufafi, sai ya jiƙe. Mayafin da ya sauko har kusa da ƙasa ta kowane gefe shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin tanti mai rahusa da wanda ya ninka shi kuɗi sau uku, irin waɗanda kamfanonin REI da The North Face ke yi. In kuɗin mutum na abu ɗaya ne kawai, a nan zan ce ya zuba su. Tampol ɗin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi kuma kada ya leƙo waje ko da ɗan yatsa ne. In ya leƙo, shi zai tare ruwan da ke gangarowa ya kai shi ƙarƙashin katifa.

Wani ruwan kuma ba daga sama yake zuwa ba. Mutum biyar suna numfashi dare guda a rufaffen wuri, ga rigunan da suka jiƙe an rataye, ga danshin ƙasa. Duk wannan tururin in ya taɓa yadi mai sanyi sai ya koma ruwa. Da safe a ga rufi na ɗiga, a ce tanti na yoyo, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Maganinsa iska ce ta ratsa: kafa a ƙasa, kafa a sama, a bar su a buɗe ko ana sanyi. Tantin da ba shi da kafofin iska a ƙasa, komai kyansa, zai yi gumi.

Nan ne yadin auduga ke nuna kansa. Yawancin tantunan yau na foliyesta ne da aka shafa wa roba ta ciki: ba nauyi, saurin bushewa, araha. Amma foliyesta ba ya numfashi, da rana ta fito cikinsa ya ɗau zafi, hasken rana kuma na cin sa a hankali har ya zama ana taɓawa yana yagewa. Auduga kuwa zarenta kumbura yake in ya sha ruwa ya toshe kafofin saƙar da kansa, shi ya sa ake jiƙa sabon tantin auduga a bar shi ya bushe kafin a fita da shi. Da rana ya fi sanyi, da dare ya fi ɗumi, ba ya kaɗawa da ƙara in ana iska, kuma in an kula da shi 'ya'ya na iya gadonsa. Tantin Springbar da Jack Kirkham ya ƙirƙiro a birnin Salt Lake City na Amurka a 1961 har yau kusan a siffarsa ta farko ake ɗinka shi. Sai dai babba irin na iyali yakan haura kilo 30 a bushe. In ya jiƙe kuma sai mutum biyu.

Wannan ya kawo mu tambayar da ba a yi a kanti: ina za a shanya shi? Ranar komawa gida ba ta jiran rana ta fito. Za a naɗe tanti a jiƙe, kuma in ya kwana biyu ko uku a jaka haka, auduga ta yi fumfuna, robar jikin foliyesta kuma ta fara ɗoyi tana saɓulewa, tef ɗin ɗinki na ɓallewa. Mai gida da fili a baya ba shi da damuwa. Iyalin da ke hawa na shida a unguwar Bronx ta Amurka ko Peckham ta Ingila, ɗaki biyu da falo, su yi tunani sau biyu kafin su sayi abin da ko a falon ba zai buɗu ba. Tantuna da yawa a ma'ajiya suke mutuwa, ba a daji ba.

Haka kuma wa zai kafa shi? A hoton talla manya biyu ne suna murmushi. A zahiri an iso da magariba bayan tuƙin awa huɗu, ƙaramin yana kuka, babban na jin yunwa, ɗaya daga cikin iyayen dole ya koma kansu. Tantin da sai da manya biyu yake tashi, a wannan daren babu mai tayar da shi. Filin ma yana da iyaka. Sansanoni da yawa a Amurka sun keɓe wurin kafa tanti da katako ko tsakuwa, ba a yarda a wuce shi ba, kuma dogon tanti mai ɗaki uku ba lalle ya zauna a kai ba. A gandun Yosemite na Amurka mutum shida ne iyakar fili ɗaya, har da jarirai, don haka iyali mai mutum takwas fili biyu za su kama ko da tantinsu na cin goma sha biyu, kuma watanni kafin lokaci ake kama wurin ta intanet. A Birtaniya sansanoni da dama na neman tazarar mita 6 tsakanin tanti da tanti saboda gobara, wasu kuma na ƙara kuɗi in tanti ya wuce wani girma.

Saboda waɗannan dalilai ne nake ganin babban iyali, daga mutum shida zuwa sama, sun fi samun sauƙi da tanti biyu matsakaita a kan ƙato guda. Kowanne mutum ɗaya na iya kafa shi, kowanne ya fi jure iska, in ɗaya ya lalace akwai mafaka, in kuma uba da yaro ɗaya ne za su fita sai su ɗauki guda. Akwai kuma batun sutura, wanda mu ba ma wasa da shi. Addini ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, kuma budurwa ba ta canza kaya a gaban yayyenta. Abin da kamfanoni ke kira ɗaki biyu sau da yawa labule ne na yadi marar kauri da aka rataya da maɓallai, ko ƙasa bai kai ba. Yana tare ido, ba ya tare sauti, in an kunna fitila kuma inuwa na fita tar. Dogayen tantunan Turai sun fi kyau a nan, domin ɗakunansu na zif ne kowanne da ƙofarsa. In yara ƙanana ne, ɗaki ɗaya ya fi, ido na kansu. In sun tasa, tanti biyu ƙofa na kallon ƙofa, da rumfa a tsakani.

Rumfar nan, ko barandar da ke haɗe da wasu tantuna, ta fi ƙarin wurin kwana amfani. Nan takalma ke tsayawa, nan buta da bokiti, nan kujeru in ana yayyafi, nan ake cin abinci. Tanti mai lamba 6 da baranda mai kyau ya fi mai lamba 8 da ba shi da ita daɗin zama, domin laka da yashi ba sa kaiwa ga shimfiɗa. Ƙofa biyu ma alheri ce: mai fita alwala da asuba ba sai ya tsallake mutum uku ba. Ragar tagogi ta zama mai ƙananan ido sosai, don a Sukotlan da arewacin Amurka akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke ratsa gidan sauro na yau da kullum. Sai yadi mai duhu da kamfanonin Coleman da Decathlon ke sa wa wasu ɗakunan kwana. Da farko abin kamar ƙawa ne, amma a birnin Gilasgo na Sukotlan a watan Yuni wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba rana ke fitowa, ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, kuma yaro ɗan shekara uku da hasken yake tashi.

Abu guda ne a duk wannan sharhi da ba ra'ayi ba ne. Ba a shiga tanti da wuta. Ba risho, ba gas, ba gawayi, ko da a baranda ne, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Girman tanti na ruɗar mutane su ga ai akwai iska. Garwashin da ake ganin ya mutu yana ci gaba da fitar da iskar nan mai guba marar wari marar launi, irin wadda ke kashe iyalai a gida in an kwana da janareta ko kaskon wuta a rufaffen ɗaki, kuma an sha rasa rayuka a sansanonin Birtaniya ta wannan hanya, an shigo da abin gashi cikin tanti don a ji ɗumi. Yadin roba kuma in ya kama narkewa yake yana zuba a jiki. Alhazai ba su manta gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta ci fiye da mutum 300, bayanta ne aka sauya hemomin da irin waɗanda wuta ba ta ci. Tantin kanti ba irinsu ba ne. A dazuzzukan da ke da beyar kuma, irin Yosemite, ko biskit da man goge baki ba a kwana da su a tanti; akwai akwatin ƙarfe a kowane fili don su.

Wanda zai kawo irin wannan tanti ƙasashenmu masu zafi ya sani cewa wanda aka ɗinka don ruwan Ingila, a rufe ruf da tagogin leda, da hantsi ba ya shiguwa. Nan raga ake so ta ko'ina, da auduga in da hali, da inuwa a sama. Buzaye da suka gaji zama a tantin fata da na tabarma gefe suke ɗagewa iska ta wuce. Ƙurar hunturu kuma zif take fara ci, sai ana goge shi, siririn turke kuwa ba ya kama yashi.

A kan kuɗi, ba kowa ke bukatar mai tsada ba. Iyalin da sau ɗaya ko biyu za su fita a shekara, a tsakiyar bazara, a wurin da mota ke kusa in abu ya ɓaci, mai araha ya ishe su, muddin sun sauya turaku sun ɗaure igiyoyi. Wanda ma bai tabbatar iyalinsa za su so abin ba ya ara ko ya yi haya a karon farko; ba kowace uwargida ce za ta ga hikimar barin gado da banɗaki a je a kwanta a ƙasa ba, kuma tana da hujja. Na hannu ma akwai su da yawa a ƙarshen bazara, daga waɗanda suka gwada sau ɗaya suka tuba. A shinshina shi, a ja kowane zif har ƙarshe, a duba tef ɗin ɗinki, a ƙirga sanduna.

Ga iyalin mutum huɗu ko biyar da suka san za su riƙa fita, zaɓina shi ne mai lamba 6 zuwa 8, wanda babba zai tsaya a cikinsa ba a tsakiya kaɗai ba, mai mayafi har ƙasa, da baranda, da ƙofa biyu, da sandunan alminiyam ko bututun iska, wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya kuma kafa. Abin da ya wuce haka girma, a raba shi biyu. In an saya kuma, kada a bari sai an isa daji a buɗe jakar. A kafa shi a bayan gida ko a filin unguwa tun ana iya mayarwa, a shimfiɗa katifun a ciki, kowa ya kwanta a wurinsa, a sa yaro ya feshe shi da ruwan tiyo na minti goma, sannan a naɗe a ga ko zai koma jakarsa ya kuma shiga but tare da sauran kaya.